Don Anselmo da Amsar da Na Riƙe

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, ina tsakiyar aski a shagona da ke garin Lawrence, matarka Doña Ramonita ta kira ni ta ce, "Wilfredo, maigidan ya tafi." Na ajiye almakashi, na bar mutum da rabin aski. Don Anselmo Peguero, shekararka saba'in da huɗu, zuciya ce ta tsaya kana ɗaura takalmi. Har yau in ƙofar shago ta motsa sai na ɗaga kai.

Lokacin da cibiyar unguwa ta ɗauke ka aikin shirya wa iyaye maza taro, ka tarar an gama tsara komai: ƙarfe goma na safe ranar aiki, da takardar cikewa wadda ko gurbin sunan uba babu. Wata uku kujeru ne kawai ke halarta. Masu ofis suka yanke hukunci cewa mu baƙin da muka zo daga ƙasar Dominika ba mu damu da 'ya'yanmu ba. Ka ce musu, "Ƙarfe goma? Mutum yana kan rufin wani yana kafa ƙusa, ya sauko a koya masa zama uba? Ku ba ni tebur da kayan wasan domino."

Haka taron ya dawo shagona, ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Ba allo, ba lacca, sai kofi mai zaƙi da soyayyar ayaba. Kana cuta a wasan, kowa ya sani. Sai mutum ya shagala da ƙirga ɗigon da ke jikin domino, ka jefo masa tambaya: "Yaushe rabonka da makarantar yaronka?" Ka raka wasu kotu, ka fassara wa wasu takardu, ba ka taɓa kai sirrin kowa ofis ba.

A wurinmu yaro ba ya wuce ubansa sai ya ce "bendisiyon", wato a sa masa albarka, uban ya amsa. Ko ɗan ya yi furfura haka ne. Ranar da alƙali ya raba ni da matata, 'yata Yudelka ta ce a gabansa ta fi son zama da uwarta. Shekararta goma sha huɗu. A bakin kotu ta matso ta ce, "Bendisiyon, Baba." Na dube ta, na yi shiru, na shiga mota. Ba ta ƙara roƙona ba, ba ta ƙara ɗaukar wayata ba.

Shekara huɗu ina ɓoye wannan, har ka tono ni a kan tebur. Ban taɓa ganin ranka ya ɓaci haka ba. Ka kife dominonka ka ce, "Kai Wilfredo, ashe ƙaton kan nan naka gashi ne kawai? Albarkar ta gidanku ce da za ka hana? Ta Allah ce, kai ɗan aike ne."

Na ce, "To Don Anselmo, ai ta daina tambaya."

Ka ce, "Ta riga ta tambaya. Amsar ce ba ta isa ba. Kai mata."

Tun daga ranar, kowace safiya nake tura mata saƙon murya mai kalma biyar: Allah ya yi miki albarka. Shekara biyu ke nan. Wayar na nuna mini ta saurara, amma ba ta taɓa maido da komai ba. Sau nawa na ce na gaji, ka zaunar da ni na yi a gabanka. Sai yanzu Doña Ramonita ke gaya mini kana zuwa kantin maganin da Yudelka ke aiki, ka sayi abin da ba ka buƙata, don kawai ka gaisa da ita.

Ranar Juma'a, a ɗakin da aka ajiye gawarka, na ga ta shigo. Ta wuce ni kamar ba ta san ni ba. Ta tsaya a kan akwatinka ta ce a hankali, "Bendisiyon, Don Anselmo." Wannan ne karo na farko da aka roƙe ka albarka ka yi shiru. Ta ci gaba da tsayuwa, irin tsayuwarta ta bakin kotu. Daga bayanta na ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ba ta juyo ba. Amma ta ce, "Amin."

Ban sani ba ko gobe za ta ɗauki wayata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutum ɗaya tak nake son in ba wannan labari, kuma shi ne a cikin akwatin.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ka ba kanka ba. Doña Ramonita, da 'ya'yansa Fermín da Yocasta, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma marayu ne tare da ku. Ni dai girman kai ya hana ni roƙonka kana raye. Bendisiyon, Don Anselmo.