Alhaji Jibrin Idirisu da Zanen Tsagar Rabi'atu

Haihuwa da karatu

An haifi Alhaji Jibrin a shekarar 1931 a wani ƙauyen manoman auduga kusa da garin Wad Madani, a ƙasar Sudan. Mahaifinsa Malam Idirisu Bagobiri ne da ya taso da niyyar Hajji, Allah Ya ƙaddara masa zama a nan yankin Jazira. Mahaifiyarsa ita ce Indo. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, wanda ya sa wanzami ya yi masa tsagar Gobirawa.

Sana'a da aure

A 1957 ya koma Hartum, ya kama aikin kafinta a unguwar Alshajara. A 1960 ya auri Rabi'atu, wadda ayarin mahajjata ya zo da ita daga Gobir tana goye, da tsagarta daga gefen baki har kunne. Sun zauna a unguwar Alsahafa har Allah Ya karɓi ranta a 1979, ba a taɓa ɗaukar hotonta ba.

Zanuka biyu

Da ya ga jikoki suna tasowa da Larabci, ba su san asalinsu ba, sai ya ƙudiri aniyar bar musu kamanninsa da nata. Bayan ya nemi fatawa, aka yarje masa da sharaɗin zanen ya tsaya a kafaɗa kuma kada a rataya shi ta alƙibla, ya ɗauki 'yarsa Fatna, mai kama da uwarta, zuwa wurin wani mai zanen allunan shaguna a kasuwar Omdurman. Mai zanen ya yi wa marigayiyar tsage uku irin na mutanen bakin kogin Nilu. Da Alhaji ya ƙi karɓa, sai mai zanen ya ce, "Ya Hajj, ai tsaga duk tsaga ce." Alhaji ya amsa, "Wannan ƙanwarka ce, ba uwar 'ya'yana ba." Sau uku yana mayar da zanen cikin wata bakwai, har a ƙarshe ya kama yatsan mutumin ya bi da shi kan tsagar kuncinsa shi Alhajin, layi bayan layi. An kammala zanukan a 1983, Alhaji da kansa ya yi musu katakon kewaye.

Rasuwa

Ya rasu ranar Juma'a, cikin Sha'aban na 1998, aka binne shi a maƙabartar Alsahafa, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ya bar Fatna, da Ishaku, da Jafaru, da Awadiyya, da jikoki goma sha tara. Babu mai tsaga a cikinsu, amma babu wanda bai san adadin layukan kuncin kakarsa ba.