Goruna a Kan Takarda

Ina koyar da zane a wata sakandare a Birnin Kebbi, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, na tsinci wani tsohon littafi a ɗakin karatu. Zanen Turawa ne, amma babu mutum ko bishiya, sai da'ira da layuka da launuka masu tunkuɗar juna. Na rasa sukuni. A aji ina zana wa ɗalibai tulu a allo, hankalina yana can.

Ran Asabar na hau mota zuwa Argungu wurin kawuna, masunci ne. Na zauna bakin gulbi ina kallon masunta kwance kan manyan goruna, kowa da homarsa, ragar nan ta hannu. Na ƙi zana mutanen. Gora ya zama da'ira, homa ta zama kusurwa uku, ruwa kuma shuɗɗan layuka masu bin bugun wani makaɗi da ke cikin jirgi. Takarda huɗu na yaga kafin azahar.

Kawu ya fito yana ɗigar ruwa, ya karɓi ta biyar da yatsa biyu. Na zaci zai tambayi ina mutane. Ya daɗe yana dubawa.

"Malam, waɗanga goruna na?"

"Su ne, Kawu."

"To wa ya ce maka haka muka jeruwa? Ka sa kowa da tazara tai, kamar sahun salla. Inda kihi yake can muka cunkushewa, wani wuri ko ba kowa." Ya dangwala jiƙaƙƙen yatsa a gefen takardar, shuɗin ya narke. "Nan kuma ruwa baya shika komawa. Ba ka taɓa shiga ba."

Raina ya ɓaci, don gaskiyarsa ce. Na tuɓe riga na hau goransa. Ya juye da ni sau biyu, na sha ruwa, masunta suna dariya. A karo na uku na ji ruwan wurin da Kawu ya nuna yana jan ƙafata baya.

Na koma Birnin Kebbi da mura. Makonni ina sake zanen, da'irori a cure gefe guda, ɗaya gefen fili. Shugaban makarantarmu ya gani, ya ce kada in koya wa ɗalibai wannan, ba ya cikin jarrabawa. Na ce to. Asabar ta gaba na sauka Zauro tun da safe, lokacin dashen shinkafa ne, na roƙi wani manomi ya bar ni in shiga taɓon tare da su.