Notin da Ya Juya Rabin Zagaye

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin kawuna, bakaniken babur.

Shekara talatin yana gyaran birki a rumfa ɗaya, wadda kwanonta ke yoyo ta gefen hagu. Mai Hannu ake ce masa, don in ya ɗaure noti ya ce "ya isa", to ya isa. Ranar da 'yarsa ta kawo masa sifana mai awon ƙarfi, irin wadda ake saitawa ta yi "ƙas" idan noti ya ɗauru daidai, dariya ya yi.

"Ke, ni za ki kawo wa ƙarfe ya koya mini aiki?"

Ya cusa ta bayan tsofaffin tayoyi.

Bara sai kafaɗa ta fara yi masa tsami, bai gaya wa kowa ba. Wata safiya ya gama birkin gaban wani babur, mai shi ya koma gefe yana amsa waya. Kawu ya waiga hagu da dama, ya zaro sifanar, ya saita ta yadda takardarta ta nuna, ya ɗora a kan notin da ya riga ya ce ya isa. Noti ya juya. Sai da ya yi rabin zagaye kafin ta ce ƙas.

Mai faci, maƙwabcinsa, ya leƙo.

"Mai Hannu, me na ji kamar tarko ya kama ɓera?"

"Gwiwata ce."

"To, wannan gwiwa taka har da lambobi a jikinta."

Kawu bai ɗago ba. Babur goma sha ɗaya ya taɓa wa birki a watan, duk suna kan titi, wasu da yara a baya. Da ya ja bakinsa, ba wanda zai sani.

Ya naɗe sifanar cikin tsumma, ya bi masu baburan gida gida. A gida na uku wata malamar asibiti ta fito da makullin babur ɗinta a hannu.

"Baba, lafiya dai?"

"Birkinki na zo in sake dubawa, 'yata."

"Ba kai ka ɗaure ba?"

"Ni ne. Shi ya sa."

Ya durƙusa a ƙofar gidan, ita tana tsaye a kansa, maƙwabta na kallo. Notin birkinta ma ya juya. Cikin goma sha ɗayan, bakwai suka juya.

Labari ya zaga. Wasu sun canza rumfa, wasu sun ƙara riƙe shi. Shi dai har yau in sifanar ta yi ƙas sai ya sunkuyar da kai.

Kai fa, da babur ɗinka ne, za ka koma wurinsa?