Takalman Baffa a Kan Akwatin Wuta

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana ne, ranar wata Talata. Mu uku ne a ɗakin injin casar shinkafa da nake aiki a bayan garin Dutse: ni mai kula da wuta, da direban injin, da wani dattijo mai share rami da kowa ke kira Baffa. Mutumin wajen Miga ne, makiyayi ne a da, shanunsa suka ƙare ya shigo gari.

A ƙasan injin akwai rami, a cikin ramin akwai dogon ƙarfe mai murɗawa da ke tura shinkafa gaba. Dusa da tsakuwa kan cushe shi, sai mutum ya sauka ya share. Ba a sauka sai an ɗauke wuta. Duk wanda zai sauka kuma yakan cire takalmansa ya ɗora a kan akwatin wuta, don kada kowa ya danna maɓallin tashi. Mun yarda da wannan tsari saboda kwantakta, wato makunnin da ke cikin akwatin. Idan wuta ta tafi, manyan haƙoranta sukan rabu, ko ta dawo injin ba ya tashi sai an danna. A gefenta akwai wani ƙaramin haƙori da ke kunna koren kwan fitila, alamar manyan sun rabu.

Ranar aka ɗauke wuta injin na tsaka da aiki. Baffa ya cire takalmansa na roba ya ɗora.

Direba ya ce, "Baffa, waɗannan takalman ai ko a kasuwar Shuwarin ba mai karɓarsu kyauta."

Baffa ya ce, "Sun taka dajin da kai ko a mota ba ka isa ba, yaro."

Ya ɗauki tsintsiya da shebur ya sauka. Mu kuma muka zauna a bakin ƙofa muna jiran kiran azahar. Ɗakin ya yi tsit, sai karcen shebur daga ƙasa. Can muka daina jin karcen, ba mu kawo komai a ranmu ba.

Sai aka dawo da wuta. Na waiwaya, na ga koren kwan ya kama. Na ga takalman suna nan. Babu kowa kusa da akwatin. Kuma injin ya tashi.

Direba ya yi salati ya ruga ya danna jan maɓallin tsayarwa, ya sake dannawa, injin bai kula shi ba. Fitila tana cewa a tsaye yake, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Daga ramin muka ji wani abu yana kakkaryewa. Na zagaya bayan ɗaki na sauke babban makunnin da ke yanke wutar ɗakin gaba ɗaya, sannan ƙarar ta mutu a hankali.

Babu wanda ya so ya fara leƙawa. Ni na leƙa. Sandar shebur ta zama tsinke-tsinke, ƙarfensa ya nannaɗe. Babu jini, babu Baffa.

Muka same shi a bayan katanga, ta wajen ƙaramar ƙofar da ake fitar da dusa daga ramin, yana tsaye ba takalmi a kan ƙasa mai zafi yana kallon duwatsu.

Na ce, "Baffa, me ya fito da kai?"

Ya ce, "Saniyata ce ta yi kuka. Farar nan mai karyayyen ƙaho."

Direba ya ce, "Wace saniya? Ka ce mana ta mutu tun kafin ka zo nan."

Ya ce, "Ta mutu mana. Amma na san muryarta."

Na duba filin da kaina. Ko akuya babu, balle sawun saniya.

Bayan salla na kwance kwantaktar. Manyan haƙoran sun narke sun manne da juna, raunin wutar da muka sha da safe ne ya jawo. Ƙaramin haƙorin kuwa maƙala shi kawai aka yi a gefe, yana iya komawa wurinsa ko manyan ba su rabu ba. Shi ya sa fitilar ta kama. Na kai wa mai injin, na ce ba zan mayar da irinta ba. Aka sayo guda biyu daga Kano, irin waɗanda ƙaramin haƙorinsu ba ya iya rufewa muddin babba ɗaya na manne. Na jera su, idan ɗaya ta manne ɗayar ta yanke wutar, kuma injin ya ƙi tashi har sai an gyara.

Maganar ƙarfe ke nan, na san kanta. Maganar saniya ban sani ba. Baffa bai sake sauka ramin ba. Ya koma ɗinkin buhuna, wani lokaci sai in ga ya tsayar da allura yana saurare.

Kai da kake karanta wannan, idan kana aiki kusa da inji, ina roƙonka abu ɗaya. Kafin wani ya shiga ciki, kada ka tsaya ga fitila ko takalmi. Ka sauke babban makunni, ka sa masa kwaɗo, ka ba mai shiga makullin ya sa a aljihunsa.