Tagar da na toshe wa Baba

Shekarun baya, ina gama karatun zanen gine-gine a jami'a, ina jin kaina kamar ni na tsara garin Zariya, dattawan cocinmu na Samaru suka sa ni cikin kwamitin gyara. Ginin ya tsufa da gaske. Kwano na yoyo, daɓe ya farfashe, da damina kuwa harabar taɓo take zama, sai mata sun tattare zani kafin su kai ƙofa. Aka ce tunda ɗanmu ya karanci abin, a bar masa. Na karɓa hannu bibbiyu, har da sayen hular kwano da ba wanda ya ce in saya.

Sai na ɗan ba ku labarin mahaifina kafin ku gane sauran. Kafinta ne, kuma shi ya jagoranci mawaƙan cocin shekara da shekaru. Wata Lahadi ya zo ya tarar an ba wani matashi wurinsa, ba wanda ya ko sanar da shi. A gaban jama'a ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara taka cikin ginin nan ba. Ina firamare a lokacin. Baba kuwa irin mutanen nan ne da in suka yi magana, ko su kansu ba su isa su janye ta ba.

Duk da haka, kowace Lahadi shi ke kai mahaifiyata a mashin. Ya sauke ta a ƙofa, ya zagaya gefen gini, ya kafe mashin a ƙarƙashin dogonyaro, ya zauna kan wani kututture har a tashi. In an tambaye shi sai ya ce mai ya yi tsada, ba zai je gida ya dawo ba. Gidanmu ko tafiyar minti biyar bai kai ba.

Daidai inda yake zama akwai wata tsohuwar tagar katako, duk ta karkace, kullum a buɗe. Ko ruwan sama na feshi, 'yan zumuntar mata da ke zama a gefen sai dai su ja benci, ba mai rufe ta. Ni a wurina wannan sakaci ne tsagwaronsa. A zanen da na yi, na toshe ta da bulo don a kafa allon da zai riƙa nuna baitin waƙa. Kututturen na ce a kawar a shuka furanni, mashina kuma su koma can bakin get.

Ranar da na baje zanen a gaban kwamiti, fastonmu, wani dattijo mai sanyin magana, ya ɗora yatsa a wurin.

"Ɗana, wannan tagar fa, dole ne a toshe ta?"

Nan na gyara tsayuwa na zuba musu lacca kan haske da daidaiton bango, rabi da Turanci. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya sunkuyar da kai. Fasto ya ce, "To, kai ka karanta."

Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Matasa suka yi ta kwaɓa siminti, mata na ɗebo ruwa suna kawo mana kunun zaki. Sabon kwano, silin, fanka huɗu, tayil, harabar da ke taɓo ta sha daɓen bulon intalok. Lahadin farko kowa sai shi mini albarka yake, kaina ya ƙara girma. Ban ma lura ba cewa Baba ya zagaya gefen gini, ya dawo, ya hau mashin ya yi gida.

Lahadi ta biyu ya ce wa Mama ta hau Keke Napep, bayansa na ciwo. Ta uku ma haka. Mutumin da ba ya goge katako sai yana ƙus-ƙus da waƙa, sai ga shagonsa shiru, ba ka jin komai sai ƙarar zarto.

Wata ranar Talata na tarar da Mama tana tsince wake. Na ce ko za a kai Baba asibiti a duba bayan nan. Ta ɗago ta dube ni irin kallon da take mini tun ina yaro in na yi wauta.

"Kai da ake cewa ka yi karatu. Ba ka taɓa tambayar kanka ta yaya Babanku ke sanin ayar da aka karanta ba? Mu dawo gida ya ce wa'azin yau ya yi tsawo, mala'ika ne ke gaya masa?"

Ta ci gaba da tsince wakenta tana magana.

"Fasto da ke juyawa hagu in yana wa'azi, ka ɗauka ciwon wuya gare shi? Duk ikilisiya ta sani. Ta tagar nan yake sujada, kai kuma ka zo ka liƙe ta da bulo."

Wallahi kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na miƙe na ce bari in je in ba shi haƙuri.

"Ka kuskura! In ya san an sani, ko titin cocin ba zai ƙara bi ba."

Washegari na je wurin fasto. Ya saurare ni yana murmushi, ya ce sun so su gaya mini, amma ta yaya za a tona asirin uba a gaban ɗansa, a tsakiyar kwamiti? Sai ya ɗaga kai ya dubi fankokin nan sababbi fil suna juyawa.

"Kamar dai zafi ya yi yawa a gefen mata, ko?"

Na ce, "Ya yi yawa sosai, Baba Fasto."

Da wannan zafin na je shagon mahaifina. Na ce masa matan coci na kuka da zafi, za a sake fasa taga, kuma kafintocin da na samu ba su iya aikin katako ba. Sai da ya gama goge wani allo sannan ya ɗago.

"Da ma wa ya ce maka ana toshe taga ta wannan ɓangaren? Zan yi. Amma daga waje zan tsaya."

Muka je Sabon Gari zaɓen katako, ya yi ta ƙwanƙwasawa yana mayarwa har mai shagon ya fara tsaki. Ranar kafawa ina ciki ina riƙe, yana waje yana buga ƙusa yana cewa, "Riƙe da kyau, injiniya." Na ga tagar ta fi ta da faɗi, ta kuma sauko ƙasa da kusan taƙi guda. Na ce awon bai yi daidai da zane ba. Ya ce zanena ne bai yi daidai da awo ba. Da ragowar katakon ya haɗa benci ya ajiye a ƙarƙashin dogonyaron, a kan furannina. Wai don masu jiran matansu.

Lahadin da ta biyo baya, muna cikin waƙar buɗe sujada, sai ga wata kakkaurar murya ta shigo ta tagar. Ba wanda ya waiwaya. Mama dai ta ɗaga littafin waƙoƙi ta rufe fuskarta da shi, ni kuma na kasa ƙarasa baitin. Da fasto ya hau mimbari, ya juya hagu abinsa.

Baba bai taɓa shiga ba har Allah ya karɓi ransa. Ranar da muka shigo da shi a akwati, Mama ta ce a buɗe tagar gaba ɗaya.

Tun daga lokacin, duk ginin da aka kira ni gyara, in na ga abin da ya yi kama da sakaci, sai na nemi tsofaffin wurin na tambaya tukuna. Har yau in na tuna laccar nan da na yi wa dattawa, kunya nake ji, ina kuma ƙara ƙaunar mutanen da suka rufa wa mahaifina asiri shekaru masu yawa ba tare da sun haɗa baki ba.

Bencin yana nan. Kwanan nan wani mutum ya fara zama a kai, ya ce matarsa yake jira. Na san shi, kowa ma ya san shi, daga ina kwana ba mai ƙara masa komai. Ni ne dai nake riga kowa zuwa ranar Lahadi, in buɗe tagar.