Ƙwallon da Isma'ila Ya Ɓoye

A gidanmu na unguwar University Heights a Amurka, hawa na huɗu, ba mu da tsakar gida balle murhu. Wutar da muka sani ita ce ta girki a kicin. Nan Kaka take kafa kujerarta bayan magariba idan sanyi ya kama, tukunyar tuwo tana turiri a bayanta, ni da ƙanwata Rabi muna zaune a ƙasa. Ina ɗan shekara tara a lokacin. Kaka uwar babanmu ce, mutuniyar Damagaram, gajera mai faɗa, wadda in ka ɓata mata yau, sai ta tuna maka ranar sunan ɗanka. Ni tana ce mini Maigida, Rabi kuwa 'Yar Turai, don duk abin da aka faɗa mata da Hausa, da Turanci take amsawa.

Aikin Kaka kula da tsofaffi ne a gidajensu. Ta daɗe tana zuwa wurin wata tsohuwa 'yar Benezuwela, Mama Rosa, kusa da Fordham Road. Kaka ba ta jin Sifaniyanci, Mama Rosa ba ta jin Hausa, Turancinsu su biyu ko an haɗa bai cika cokali ba. Amma wuni suke yi gaban talabijin suna kallon wasan ƙwallon besbol, kuma da hannu da hotuna da hawaye tsohuwar ta ba Kaka labarin ɗanta Ismael. Kaka ta raɗa masa Isma'ila, ta kawo mana shi kicin.

"Ga ta nan," in ji ta, "daga Benezuwela ta taso."

Mu ce, "Ta shigo, akwai sanyi a waje."

Isma'ila, a bakin Kaka, ɗan talakawa ne da ya koyi cafke ƙwallo da kwalin madara a hannu, don ba shi da safar hannu ta fata. Aikinsa tsaron cikin fili, kusa da matashi na biyu. Haka Kaka take kiran fararen abubuwan nan da masu gudu suke takawa, matasai. Ta ce mai gudu in ƙafarsa tana kan matashi ba mai taɓa shi, in ya sauka aka dangwale shi da ƙwallo, ya fita. Turawa suka ga hannun Isma'ila, suka kawo shi Amurka yana matashin saurayi. Ya shekara yana yawo a ƙananan ƙungiyoyi, yau wannan gari gobe wancan, barci a bas, har aka ce masa ya shirya, sati mai zuwa za a kai shi babbar gasa.

A nan Kaka take ajiye muciya.

"Akwai wani ƙato a ƙungiyar da suke karawa da ita," ta ce, "ni Dogo nake ce masa, Allah ya isa tsakanina da shi. Ya san saura sati guda. An fitar da Dogon fa, wasa ya ƙare a kansa, amma mugun bai tsaya ba. Ya sulalo da takalmi mai ƙusoshi, ya bar matashi can, ya nufi gwiwar yaron mutane. Maigida, ƙarar ƙashin nan har masu sayar da gyaɗa sun ji ta. Ya tashi ya kakkaɓe wando. Ko sannu."

Duk lokacin da ta zo nan, Rabi takan ce a kira 'yan sanda. Kaka ta harare ta, ta ce ba a yi laifi ba a dokarsu, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Sai ramuwa. Isma'ila ya yi jinya, ya koma ƙasarsu yana wasan lokacin sanyi da ɗingishi, ya sake hawa a hankali. Shekara ta juyo, ya isa babbar gasa, rana ta haɗa shi da Dogo a wasan da duk wanda ya faɗi ya tafi gida. Dogo ya iso matashi na biyu yana hura hanci. In ya kai matashin ƙarshe, ƙungiyarsa ta tsira. Isma'ila ya taka wurin mai jifan ƙwallo na ƙungiyarsu kamar zai miƙa masa ƙwallo, ya dawo da ita ɓoye cikin safarsa, ya tsaya yana kallon sama. Mai jifa ya hau tudun da yake jifa a kai. Dogo ya ɗaga ƙafa daga matashi, taku ɗaya, taku biyu.

"Sai Isma'ila ya ɗan taɓa shi a kafaɗa," Kaka ta ce, tana taɓa tawa da yatsa ɗaya. "A hankali, kamar mai tashin jariri. Ya buɗe safa ya nuna masa. Gaban uwarsa, gaban matarsa, gaban duniya. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiran sunansa sai da dariya. Ƙurunƙus, kan Dogo a tukunya."

Ina shekara goma sha bakwai Mama Rosa ta rasu. Kaka ta ce sai ta je ta'aziyya, ta ja ni in yi mata tafinta. Wani mutum mai furfura a gemu ya buɗe mana ƙofa, yana jan ƙafar hagu. Shi ne Isma'ilan Kaka. Bayan gaisuwa na kasa haƙuri, na ce masa tun ina yaro nake jin labarin ranar da ya kunyata wanda ya karya shi.

Ya dube ni. Ya ce wace rana? Tun da aka fitar da shi daga filin nan a kan gadon ɗaukar marasa lafiya bai sake wasa ba. Sau biyu aka yi wa gwiwar aiki. Motar raba burodi yake tuƙawa. Wanda ya karya shi kuwa ya yi shekaru a babbar gasa, yanzu sharhin wasa yake yi a talabijin.

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Na juya na ce, "Kaka, ashe ƙarya kika yi mana?"

Ko gezau. Ta gyara mayafi ta ce, "Uwarsa ta kawo mini labarin ya tsaya a asibiti. Can kake so in bar shi? Na ga wani ya yi dabarar a talabijin, na ɗauko na ba shi. Ni azzalumi ba ya kwana lafiya a bakina."

Ismael ya tambayi me ta ce. Ba yadda zan yi, na zayyana masa duka, har taɓa kafaɗar. Ya murza gwiwarsa. Can ya ce akwai kuskure guda. Mai jifa ba zai hau tudu babu ƙwallo a hannunsa ba, alƙali zai hura laifi. Dole ya tsaya gefe yana gyara igiyar takalmi.

Na ce lallai ya san dokar sosai.

Ya ce ba doka ba ce. Shekara da shekaru, duk safiya a bayan sitiyari, wannan dabarar yake shiryawa.

Da ina yaro na ɗauka haƙuri Kaka take koya mana, a daure har rana ta zo. Yanzu na san ranar ba kullum take zuwa ba, kuma Kaka ta riga ni sani. Abin da ta ƙi yarda da shi shi ne a yi zalunci a manta. Ni ma ban yafe wa Dogo ba, ba kuma ni da niyya.

Da na fassara mata gyaran, Kaka ta gyaɗa kai ta ce ta karɓa. Muka miƙe za mu tafi, Ismael ya riƙe hannun rigata a bakin ƙofa.

"Tambaye ta," ya ce, "da na buɗe safar, yaya fuskarsa ta yi?"