Malam Uzairu, Alƙalin Littattafan Ƙofa

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Uzairu a shekarar 1961, a wani ƙauye da ruwan Tiga ya shanye daga baya, ɗa ne ga Alasan masunci da Uwani. Da aka tashe su, iyalin suka yada zango a garin Ƙofa, inda ya sauke Alƙur'ani kafin ya sami shaidar malanta a 1983.

Aiki da Iyali

Ya koyar da Hausa a Bebeji da Kiru, ya auri Maijidda a 1988, kuma tun daga ɗan fari ya ƙudurta cewa zuriyarsa duk alli za su riƙe. Ya shahara da wani aiki da ba wanda ya naɗa shi: duk littafin hikayar da iyaye suka ƙwace a hannun yaro, wurinsa ake kawowa ya karanta ya yanke hukunci. Kaifin harshensa kuwa sai wanda ya ji!

Sharhin 2014

A wannan shekara aka kawo masa Kwalekwalen Husna, labarin budurwar da ta ƙi sana'ar da gidansu suka zaɓa mata. A taron iyayen yara kowa ya zo jin yadda zai ragargaje shi, sai ga Malam yana zuba yabo har hularsa na zamewa, yana cewa marubuciyar ta yi adalci, ba ta mai da uba azzalumi ba, ba ta mai da 'ya fitsararriya ba. Nan ɗaya daga cikin iyayen, Baffa Hamman, ya ɗaga murya: "To Malam, ita 'yarka Muhsina da ke kukan a bar ta ta koyi gyaran injin ban-ruwa fa?" Malam ya gyara hula ya ce, "Wallahi kun kama ni." A makon nan ya ɗauke ta a babur, da kansa ya danƙa ta ga mai koyar da gyaran injin.

Rasuwa

Allah Ya karɓi ransa a watan Sha'aban na 2023, aka yi masa sutura a maƙabartar Ƙofa. Ya bar Abdulmalik manomin rani, da Nafisa ungozoma, da Rufa'i tela, da Muhsina bakanikiya. Babu malamin makaranta ko ɗaya, kuma kowannensu ya kama sana'arsa da albarkar mahaifinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.